Tsohuwar Bindigar Soja Da Gajiyayyen Sifirin: A Gyara Ko A Miƙa?

Duk shekarar da damina ta yi ƙarfi a Njamena, ba katangu kaɗai ke zubewa ba, har da asirin gidaje. A tsofaffin unguwanni irin su Mardjandafak da Bololo da Klemat, inda har yanzu akwai ɗakunan ƙasa da suka girmi masu kwana a cikinsu, magini kan zo gyaran bango ko sake rufi, sai hannunsa ya ci karo da wani dogon abu naɗe a cikin buhu ko tsohon bargo. Ko ba a kwance ba, kowa ya san ko mene ne. Wanda ya ɓoye ta wataƙila ya daɗe da rasuwa, 'ya'ya da jikoki kuwa ba su taɓa jin labarinta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tambayar da samarinmu kan fara yi in haka ta faru. Maimakon su ce "ina za mu kai ta?" sai su ce "tana aiki?" Kuma ba a rasa wani mai ganin ya iya a kusa, wanda zai jujjuya ta ya ce ai lafiyarta ƙalau, sifirin ne kawai ya gaji, in aka sake shi shi ke nan. Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, shi ya sa ma take da haɗari. Saboda haka ya kamata mu zauna mu duba ta a tsanake: mene ne wannan sifirin, me ke gajiyar da shi, wa ke da ikon sake shi, kuma me ke biyo baya in an sake shi.

Daga Ina Suka Fito?

Garinmu da ƙarar bindiga aka haife shi. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza a Kusuri, can ƙetaren kogi, inda Rabe da kwamandan Faransawa Lamy suka mutu rana ɗaya. A shekarar ce aka kafa Fort-Lamy, wadda aka mayar Njamena a 1973. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu daga ƙasar nan sojojin Leclerc suka tashi suka ci Kufra a watan Maris na 1941. Da aka sami mulkin kai a ranar 11 ga Agusta 1960, sabuwar rundunar ƙasa ta gaji bindigogin Faransa, musamman MAS 36 da MAS 49/56, waɗanda aka ƙera a birnin Saint-Étienne.

Amma yawancin abin da ke ɓoye a gidaje yau ba daga nan ya fito ba. Dattawanmu ba su manta da 12 ga Fabrairu 1979 ba, ranar da rikici ya tashi daga makarantar Félix Éboué ya game gari. An zauna sulhu a Kano a watan Maris na shekarar, aka sake zama a Legas a watan Agusta, amma a watan Maris na 1980 wuta ta sake kamawa, ba ta mutu ba sai Disamba. Wata tara ke nan ana ɓarin wuta a tsakiyar gari, jama'a suka tsallake Shari zuwa Kusuri da abin da kai zai iya ɗauka. A irin wannan hali soja kan yar da bindiga ya tuɓe kaki ya shige cikin mutane, wani kuma ya sayar da tasa don ya sami na abinci. Bayan nan ga tarin makaman da aka ƙwato daga sojojin Libiya a Fada da Wadi Dum a 1987, ga sauyin mulki na Disamba 1990, ga hare-haren Afrilu 2006 da Fabrairu 2008. Kowace guguwa ta wuce sai ta bar nata kason: Kalashnikov ta Rasha, wadda muke kira Kalash, da FAL ta Beljiyam, da G3 ta Jamus. In ka lissafa, bindigar da aka binne a 1980 ta haura shekara 40 a ƙasa, kuma tun kafin a binne ta ba sabuwa ba ce.

Aikin Sifirin

Sifirin, wanda makanikanmu ke kira rasor da bakin Faransanci, waya ce ta ƙarfe da aka murɗe zagaye-zagaye. Duk yaron da ya taɓa kwance biro mai dannawa ya ga ƙaraminsa. A darasin kimiyya muna koya wa yara abin da wani Baturen Ingila, Robert Hooke, ya bayyana a 1678, cewa gwargwadon ƙarfin da ka sa ka danne sifirin, gwargwadon yadda zai lanƙwashe, kuma in ka sake shi zai koma yadda yake, muddin ba ka wuce iyakarsa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne kan maganarmu.

Ba kowace bindiga ke da irin sifirin da muke magana a kai ba. MAS 36, alal misali, da hannu ake jan sakatarta a mayar bayan kowane harbi. Masu ɗura wa kansu harsashi su ke da shi, wato irin su MAS 49/56 da FAL da Kalash. Ga yadda abin yake a taƙaice. In albarushi ya kama, hayaƙinsa ne ke ingiza harsashi ya fita. A bindigogin nan uku an yi wata 'yar kafa a jikin bututun wadda ke karkatar da kaɗan daga cikin hayaƙin ya bugo sakatar baya. Sakata ta ja baya ta fitar da kwanson da ya ƙone, tana tafiya tana danne sifirin. Shi kuma sifirin ayyukansa biyu ne. Na farko ya tare ta kada ta daki ƙarshen gidanta da ƙarfi. Na biyu ya mayar da ita gaba, ta ɗebo sabon harsashi ta tura shi mazauninsa, ta kulle gam. A Kalash wannan kai-da-komo yakan faru wajen sau 600 a minti ɗaya, wato sau 10 a cikin daƙiƙa ɗaya.

To, ka ga abin da ba a ɗauke shi bakin komai ba, shi ne ke riƙe da ragamar duk motsin.

Me Ke Gajiyar Da Shi?

Ɗauki waya ka lanƙwasa ta gaba da baya. Sau ɗaya ko sau biyar ba za ka ga komai ba, amma in ka ci gaba za ta yi zafi a wurin lanƙwasar, daga nan ta tsinke. Masana ƙarfe na kiran wannan gajiyar ƙarfe. Tsaga ce ƙanana, waɗanda ido ba ya gani, ke farawa a fatar ƙarfen suna cin ciki a hankali. Sifirin da ya sha dubban harbi yakan gajarce, ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci ya karye a tsakiya ba tare da an sani ba.

Ajiya ita kaɗai ba ta cika kashe sifirin mai kyau ba. Abin da ke kashe shi a ɓoye tsatsa ce. Ƙasar Njamena ta laka ce mai riƙe ruwa, mun kuma ga irin ambaliyar da aka yi a 2022 da 2024. Kowane ɗigon tsatsa a jikin waya rami ne, daga ramin kuma tsaga ke tashi. Ga man da aka shafa tun zamanin da, wanda zafin bazara ya ƙafar, ƙurar hunturu ta haɗu da shi ya zama kamar ƙaro.

In sifirin ya yi rauni, sakata na dukan baya da ƙarfin da ya wuce ƙima, har gidan ya fara tsagewa ko ƙusoshinsa su saki. In ta dawo gaba kuma ba ta da kuzarin kullewa sosai, sai bindiga ta cije da harsashi a ciki. Maƙeran sun sa abin da zai hana ta tashi in ba ta kulle ba, amma shi ma wannan abin ƙarfe ne, shekarunsa ɗaya da sifirin, ruwan da ya jiƙa wannan shi ya jiƙa wancan. Ranar da ya kasa, wutar da ya kamata ta bi bututu ta fita gaba, fuskar mai harbi za ta nufa.

Yadda Masu Abin Ke Yi

Gaskiya ne ana sake sifirin, ba wanda ya musa. A kowace rundunar soja mai tsari akwai makanikin makamai wanda aikinsa ke nan, an kuma horar da shi a kai. Sai dai shi ba ya sake sifirin ya ce an gama. Yakan gwada tsawon tsohon da abin da littafin masana'anta ya faɗa. Yana da ma'aunai na musamman da yake duba tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi, tazarar da kuskuren kaurin gashi biyu ko uku a cikinta ya isa ya fasa kwanso. Yakan haska cikin bututu ya ga ko tsatsa ta cinye shi. Sabon sifirin daga sito yake fitowa, da lambarsa, an ƙera shi don wannan samfurin kaɗai. In an gama a gwada ta a filin harbi, a rubuta lambarta a rajista. Wadda ba ta ci jarrabawa ba a yanka ta.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai masu sha'awar tara tsofaffin bindigogin soja kamar yadda wani ke tara tsofaffin kuɗi, akwai kuma kamfanonin da ke ƙera musu sababbin sifirin. To amma su ma doka ce ke tafiyar da abin, ƙwararre ne ke dubawa. A Faransa kanta farar hula ba ya mallakar MAS 49/56 mai aiki sai da takardar izini. Masana'antar Saint-Étienne da ta ƙera ta an rufe ta tun 2001, kuma a wannan birni ne ake da ma'aikatar gwajin makamai wadda ke kashe tsofaffin bindigogi yadda ba za su sake tashi ba, ga mai son ajiye su don tarihi. Garin da ya haife ta, shi ke yi mata sutura.

Me Ya Sa Ba Za Ta Yiwu A Gidajenmu Ba?

Na farko, ina za a sami sifirin? Wanda za a kawo maka a ɓoye, daga jikin wata tsohuwar aka ciro shi, ka sayi gajiya da kuɗinka. In kuwa aka ce a kai wa maƙeri ko mai walda ya murɗa wani, to a nan ne babban kuskure yake. Ba raina maƙeranmu nake yi ba. Su suka riƙe mu da fartanya da gatari da bindigar toka ta maharba, kuma sun san wuta. Amma wayar sifirin irin ƙarfenta daban ne, kaurinta da yawan zagayenta a ƙidaye suke, zafin da ake gasa ta da shi da ma'auni ake tsayar da shi, ba da ido ba. Sifirin katifa ko na babur ko na tsohon keken ɗinki, ko da ya shiga ramin daidai, ba shi ne ba. In ya yi laushi, mun ga abin da ke faruwa. In ya yi tauri, sai ya riƙa wurga sakata gaba da ƙarfi. A wasu samfura, irin su MAS 49/56 da SKS ta Rasha, allurar da ke dukan gindin harsashi sake take a cikin sakata. In datti ko tsatsa suka maƙale ta a waje, da zarar sakata ta rufe sai bindiga ta tashi da kanta ba wanda ya taɓa kunama, wani lokaci ba za ta tsaya ba sai ta ƙarar da abin da ke cikinta. A tsakar gida mai mata da yara, ina harsasan za su?

Na biyu, sabon sifirin ba ya warkar da bututu. Yawancin tsofaffin harsasan soja abin da ke kunna su yakan bar wani irin gishiri a cikin bututu. Soja ya san haka, shi ya sa yake wanke bindigarsa a ranar da ya yi harbi. Wanda ya binne tasa yana gudun ransa a 1980 bai tsaya wanki ba. Gishirin nan ya yi shekara da shekaru yana jan laima yana cin ƙarfe daga ciki, alhali daga waje kana ganinta sumul. Ga kuma zanzaro da kan gina ɗakinsa na laka a duk ramin da ya samu. Bututun da ya toshe, fashewa yake yi.

Na uku, harsashin kansa. Albarushin zamani yana ruɓewa da tsufa, zafi kuma na gaggauta ruɓewar, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura digiri 40 a inuwa. Tsohon harsashi wani ya ƙi tashi, wani ya tashi da rabin ƙarfi ya tsaya a tsakiyar bututu ya jira na bayansa, wani kuma ya yi shiru na ɗan lokaci, sai mutum ya juyo da bakin ya leƙa, sannan ya tashi. Duk wanda ya kwana a garin nan daren 18 ga Yuni 2024 ya ji yadda rumbun makaman soja na Goudji ya kama wuta, inda hukuma ta ce mutum 9 sun rasu, 46 sun jikkata. In wurin da ke da masu gadi da ƙa'idoji haka ta same shi, ina ga akwatin da ke ƙarƙashin gado, kusa da kurfoti?

Abin Da Ya Shafe Mu Musamman

A ce ma an yi sa'a, an sami sifirin na ainihi, bututu lafiya, harsashi lafiya. Me aka samu? An tashi abin da ke barci. Bindigar da ba ta aiki sanda ce mai nauyi. Wadda ke aiki kuwa sai ta sami dalilin fita: ranar biki a ce a yi harbin murna, ranar rigimar fili ko ta gado a ce a tsorata wane. Daren 9 ga Mayu 2024, da aka faɗi sakamakon zaɓe, harbin murna ya yi sanadin rasa rayuka a garin nan, wasu ma a cikin gidajensu harsashi ya same su. Abin da aka harba sama sai ya dawo ƙasa.

Sannan ga doka. Makamin yaƙi ba na farar hula ba ne a ƙasar nan, ko da gadonsa mutum ya yi. Wanda aka kama da tsatsattsiyar bindiga da ya tono yana da abin faɗa. Wanda aka kama da ita an goge ta, an sa mata sabon sifirin, me zai ce?

A nan ne nake so 'yan'uwana Hausawa su saurara da kyau. Kakanninmu sun zo ƙasar nan ne da fatauci da karatu da niyyar Hajji, suka zauna, muka zama 'yan ƙasa kamar kowa. Jarinmu a nan amana ce. Da ita muke buɗe shago a Babbar Kasuwa, da ita muke ƙetare gadar Ngeli da kaya mu dawo. Amma ba mu da yawa, kuma wanda ba shi da yawa laifin mutum ɗaya kan hau kan kowa. Mun tuna yadda gari ya kasance bayan hare-haren 15 ga Yuni 2015 da na bakin kasuwa ranar 11 ga Yuli na shekarar, yadda bincike ya tsananta a hanyoyi da unguwanni, yadda mai zirga-zirga tsakanin nan da Najeriya ya riƙa shan tambayoyi. In aka fito da gyararriyar Kalash daga gida ɗaya a Mardjandafak, ba za a ce gidan wane ba, za a ce unguwar su wane. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Akwai masu cewa ai ta tsaron gida ce, ɓarayi sun yi yawa. Ban ƙi ba, tsoron gaskiya ne. Amma ɓarawon da ya ji labarin akwai bindiga a gida, ita zai zo nema. Wasu kuma su ce ta baba ce, abin tunawa ce. Wanda mahaifinsa ya yi soja, ya adana lambobin girmansa da littafinsa na soja da hotonsa. Waɗannan su ake nuna wa jikoki a ba su labari. Ita kuwa ba ta rabuwa a gado, sai dai ta raba magada.

To, Mene Ne Abin Yi?

In an tono ta, a ɗauka akwai harsashi a ciki, ko da shekara nawa ta yi. Kada a taɓa kunama, kada a ja sakata don a gani, kada a nuna bakinta wajen kowa. A tuna MAS 36 ma ba a yi mata makullin tsaro ba sam. A fitar da yara, a rufe ɗakin.

Kada mutum ya naɗe ta ya hau babur ko tasi da ita shi kaɗai, don in aka tare shi a hanya ba wanda zai yarda kai ta zai yi. A je wurin mai unguwa, a tafi da liman ko wani dattijo ko wakilin Sarkin Hausawa, a sanar da 'yan sanda ko jandarmomi su zo su ɗauka da kansu a gaban shaidu. A roƙi takarda mai ɗauke da lambar bindigar da kwanan wata, a adana ta tare da takardun gida.

Kada a jefa ta a Shari, masunta za su jawo ta. Kada a jefa a rijiya ko masai. Kada a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, kada kuma a zuba harsashi a bola, domin bola ƙona ta ake yi, yara ne kuma ke tona ta. In abin da aka gani gurneti ne ko kan roka, ko motsa shi kada a yi. Ƙasar nan na da hukumar kwance nakiyoyi tun 1998, aikinta ke nan, ta hannun jami'an tsaro ake kiranta.

Ga masu jin tsoron abin da zai biyo baya, ya kamata a san cewa tun 2017 Tarayyar Afirka ta ware watan Satumba na kowace shekara a matsayin watan afuwa, inda ta nemi ƙasashe su karɓi makaman da ke hannun farar hula ba tare da an hukunta wanda ya kawo da kansa ba. Chadi kuma na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Kinshasa ta 2010 a kan ƙananan makamai a Afirka ta Tsakiya. Ina ganin lokaci ya yi da shugabannin al'ummarmu za su zauna da hukumomin gunduma a tsara hanya sananniya, yadda magidanci zai miƙa abin da ya tono ba tare da fargaba ba. Limamai su faɗa a masallatai, mu malamai mu faɗa a aji, magina da masu haƙar rami su ma a gaya musu wanda za su kira.

Ga makanikai da maƙera da masu walda na unguwa kuma, roƙona ɗaya ne. In yaro ya zo da wata doguwar murɗaɗɗiyar waya a aljihu ya ce a yi masa irinta, a tambaye shi ta mece ce. In ya kasa amsa, a nemi ubansa. Kuɗin aikin bai kai na shayin safe ba, abin da zai jawo kuwa sai a kwana ana kuka a gida biyu.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya tsare mana zuriya. Amin.